Kafin in bar ɗana ya hau ƙanƙara, sai da na binciki masu horarwa

Ranar da ɗana ya shigo gida da takardar rajista a hannu, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Baba, sa hannu kawai za ka yi." Shekararsa tara. Kusan duk 'yan ajinsu suna buga ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, shi kaɗai ne ba ya da labarin bayarwa ranar Litinin. Na karɓi takardar na maƙala a jikin firij, na ce masa sai na yi shawara. Shawarar nan wata biyu ta ɗauke ni.

Ni ɗan zangon Kumasi ne, ƙwallon ƙafa na tashi na sani, ita ce ta kai mu filin Baba Yara tun muna yara. Ƙwallon gora kuwa, wadda muka sani a Ghana ita ce ta kan ciyawa, mai filin nan na Accra da aka sa wa sunan Theodosia Okoh, matar da ta zana tutar ƙasa. Marigayi Shugaba Atta Mills ma ya buga ta. Amma wadda ake yi a nan lardin Alberta na Kanada, inda nake zaune da iyalina, wata aba ce dabam. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulu a kan daskararren ruwa suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da bai kai tafin hannu ba. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Gudun ya kai gudu, shi ya sa ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo. An yarda ka bangaji abokin hamayya da kafaɗa ka haɗa shi da bango. In ma faɗa ya kaure aka ba hamata iska, a babbar gasar ƙwararru ta NHL hukuncin da aka saba yi shi ne zaman minti biyar a benci. Gasar tana da ƙungiyoyi 32, bakwai daga ciki a Kanada, kuma tun 1893 ake ba da kofin da suke nema, wato Kofin Stanley.

Ba sanyin ne ya tsayar da ni ba, ba kuma kuɗin kaya ba, ko da yake kuɗin ma ba wasa ba ne. Wani dattijo ne ɗan Najeriya da muke salla tare. Da na ba shi labari bayan Juma'a, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ka san Akim Aliu?" Na ce a'a. Ya ce, "To je ka karanta, sannan ka sa hannu."

An haifi Akim Aliu a Okene ta jihar Kogi a 1989. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Yukren. A birnin Kiev ya yi ƙuruciya, suka koma Toronto yana ɗan shekara bakwai ba ya jin Turanci. Takalmin sulunsa na farko na gwanjo ne. Ya fara wasan a makare in aka kwatanta da 'ya'yan Kanada da ake ɗora wa takalmi tun suna shekara uku ko huɗu, amma kafin ya kai 16 ya shiga sahun yaran da ake ji da su a lardin Ontario.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayanin wani tsari da ya fi komai tayar mini da hankali. Yaron da ya yi fice, tun yana ɗan shekara 15 ko 16 wata ƙungiyar matasa za ta zaɓe shi, kuma ba shi ne zai ce ga garin da yake so ba. Zai bar gidan iyayensa ya koma wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, a sauke shi a gidan wasu mutane da bai taɓa gani ba, su ci da shi su sha da shi. Da na karanta haka sai na tuna yadda ake ɗaukar yaro a miƙa wa malam a wani gari. Mun san alherin da ke cikin hakan, mun kuma san abin da ke faruwa idan malamin ba mai tsoron Allah ba ne. A can ma haka: koci ne ke cewa wane zai buga, wane zai zauna, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ga masu farautar 'yan wasa ta isa ta rufe wa yaro ƙofa.

A 2005 Aliu ya je ƙungiyar Windsor Spitfires. Akwai wata mummunar al'ada ta "tarbar" sababbin yara: a tuɓe su tsirara a cusa su cikin ɗan banɗakin motar bas da ƙungiya ke tafiya da ita. Aliu ya ce shi ba zai yi ba. Bayan haka, a wajen atisaye, wani babban ɗan wasan ƙungiyar mai suna Steve Downie ya doke shi da gora a baki. Aliu ya ce haƙoransa bakwai suka tafi. Ya je aka duba shi, ya dawo fili suka dambace. Hukumar gasar ta dakatar da kocin, Moe Mantha, wanda kuma shi ne babban manaja, ta ci ƙungiyar tara. To amma duba yadda rayuwa ta raba su. Downie ya buga wa Kanada gasar matasa ta duniya 'yan watanni bayan nan, ya kuma yi wasa sama da 400 a NHL. Shi kuwa Aliu sai aka laƙaba masa sunan yaro mai taurin kai. Chicago Blackhawks ta ɗauke shi a matsayi na 56 a zaɓen 2007, ya yi ta yawo daga ƙaramar ƙungiya zuwa wata, kuma duk abin da ya samu a NHL wasa bakwai ne, da rigar Calgary Flames.

Shekaru suka wuce ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa sosai, sai Nuwamban 2019 da allura ta tono garma. Ranar 20 ga watan Toronto Maple Leafs ta kori Mike Babcock, kocin da ta ba kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 50 a 2015, mutumin da ya ci Kofin Stanley da Detroit a 2008 ya kuma ciyo wa Kanada zinare a Olamfik na 2010 da 2014. Rashin nasara ce ta kore shi. Amma da kujera ta kuɓuce masa sai bakuna suka buɗe. Aka ji yadda ya taɓa sa wani sabon ɗan wasa, Mitch Marner, ya jera sunayen abokan wasansa daga mai ƙwazo zuwa malalaci, sannan ya je ya nuna wa waɗanda ke ƙasan jerin. Ka ji fa, yaro ɗan shekara 19 aka haɗa faɗa da manyansa.

Kwana biyar bayan korar, Aliu ya yi rubutu a Twitter. Ya ce bai yi mamaki ba, domin wani almajirin Babcock ya taɓa jifansa da kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata, ba sau ɗaya ba, a ɗakin sauya kaya, saboda kawai ba ya son kiɗan da ya kunna. Kowa ya gane wa yake nufi: Bill Peters, wanda ya horar da shi a Rockford a kakar 2009 zuwa 2010, ya kuma yi wa Babcock mataimaki a Detroit. Aliu ya ce da ya ƙi sunkuyar da kai sai aka tura shi gasar da ke ƙasa da waccan. Tsofaffin abokan wasansa biyu suka tabbatar wa 'yan jarida cewa a gabansu aka yi. Wani ɗan wasa, Michal Jordan, shi ma ya fito ya ce Peters ya taɓa harbinsa da ƙafa a benci lokacin suna Carolina, kuma Rod Brind'Amour, wanda yake mataimakin koci a lokacin, ya ce tabbas an yi.

A lokacin Peters shi ne kocin Calgary, kuma kakar da ta gabata ya kai ƙungiyar saman teburin yankin yamma da maki 107. Ba koci ne da ake neman hanyar rabuwa da shi ba. Ya rubuta wa babban manaja Brad Treliving takardar ban haƙuri wadda ko sunan Aliu bai ambata a ciki ba. Ranar 29 ga Nuwamba ya ajiye aiki, aka ba mataimakinsa Geoff Ward riƙo. Kwana huɗu kacal tsakanin rubutun wani da aka manta da shi da faɗuwar koci mai ganiya.

Da na kai nan a karatuna sai na ce alhamdu lillahi, ashe ana gyara. Maman yara ce ta ce mini, "Ka bi ka ga ina suka ƙare tukuna." Gaskiyarta.

Peters bai yi wata shida a gida ba ya samu aiki a gasar Rasha. A Agustan 2023 kuma ya dawo nan Alberta, ƙungiyar matasa ta Lethbridge Hurricanes ta ba shi koci. Matasa fa, 'yan 16 zuwa 20, irin shekarun da Aliu ke ciki lokacin da aka yi masa abin da aka yi. Peters ya nemi gafara a gaban 'yan jarida. Aliu ya ce shekara kusan huɗu bai ji daga gare shi ba, sai da aiki ya matso aka aiko masa da ɗan saƙo, shi kuma ya ƙi. Babcock ma Columbus Blue Jackets ta ɗauke shi ranar 1 ga Yulin 2023, amma ko wasa ɗaya bai jagoranta ba. Labari ya fito cewa yana sa 'yan wasa su nuna masa hotunan da ke cikin wayoyinsu, ƙungiyar 'yan wasa ta bincika, ya yi murabus a watan Satumba.

Mafi muni shi ne na Chicago. A 2010, ƙungiyar na dab da cin kofin da ta yi shekara 49 tana nema, wani matashin ɗan wasa, Kyle Beach, ya kai ƙarar cewa mai kula da bidiyon ƙungiyar ya yi lalata da shi ta ƙarfi. Manya suka zauna taro a watan Mayu, suka ga a bar kaza cikin gashinta har a gama gasa. Aka ci kofi, aka bar mutumin ya ajiye aiki salin alin. Daga baya kotu a jihar Michigan ta ɗaure shi kan laifin da ya yi wa wani ɗan sakandare. Sai a Oktoban 2021 wani kamfanin lauyoyi da aka ɗauka ya bincika ya fitar da rahoto. Babban manaja Stan Bowman ya sauka. Joel Quenneville, kocin da ya ci wa Chicago kofi uku, a 2010 da 2013 da 2015, wanda a lokacin yake Florida Panthers, shi ma ya sauka bayan kwana biyu. NHL ta ci ƙungiyar tarar dala miliyan 2. A Yulin 2024 hukumar ta ɗage musu takunkumi. Kafin watan ya ƙare Edmonton Oilers ta naɗa Bowman babban manaja, a Mayun 2025 kuma Anaheim Ducks ta ba Quenneville koci.

Ni Musulmi ne, ban isa in ce wani ba zai tuba ba. Kuma ba duka labaran ne iri ɗaya ba. Jim Montgomery, wanda ya ci wa Jami'ar Denver kofin jami'o'i a 2017, Dallas Stars ta kore shi a Disamban 2019. Ya fito da kansa ya ce giya ce ta fi ƙarfinsa, ya je aka yi masa magani, ya koma ya fara daga mataimaki. Da Boston Bruins ta ba shi dama ya ci wasa 65 a kakar 2022 zuwa 2023, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Irin wannan dawowar ba ni da ja a kanta. Amma malamanmu sun koya mana cewa laifin da ke tsakaninka da Allah dabam, haƙƙin ɗan Adam dabam, kuma na biyun ba ya sauka sai ka je wurin mai shi. An ce Bowman ya nemi Beach sun yi magana kafin ya karɓi aikin Edmonton, wannan ko ba komai mataki ne. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne saurin da ƙofa ke buɗe wa mai riƙe da allo, alhali wanda ya yi ƙorafi tasa ta daɗe da rufewa. Mu da muke kukan yadda ake sauya kocin Black Stars kamar riga, aƙalla mun san rashin cin wasa ne dalili. A can kuwa za ka tarar mutanen nan dai su ne, kujera kawai suke musanya.

Sai na ce to bari in duba ɓangaren jami'a, tunda ni dai burina yaron nan ya yi karatu. A Amurka jami'o'i na da gasarsu mai ƙarfi, ana ba ɗan wasa gurbin karatu kyauta, kuma da yawa daga can suke wucewa NHL. A zaɓen 2021, huɗu daga cikin biyar na farko 'yan Jami'ar Michigan ne ko masu shirin shigarta. To ita ma Michigan ɗin, a Agustan 2022 ta rabu da kocinta Mel Pearson, 'yan watanni bayan ya kai ta zagayen kusa da na ƙarshe. Rahoton lauyoyin da jami'ar ta ɗauka ya ƙunshi zargin cewa an umarci ɗalibai su yi ƙarya a takardun bin diddigin korona, da zargin ramuwar gayya kan wani mai tsaron raga da ya yi ƙorafi. Aka ba mataimakinsa Brandon Naurato riƙo, daga baya aka tabbatar masa. A Harvard ma Katey Stone, wadda ta yi kusan shekara 30 tana horar da ƙungiyar mata, ta yi ritaya a 2023 bayan jaridu sun kawo koken tsofaffin 'yan wasanta. Jami'a ba aljanna ba ce ke nan. Bambancin da na gani shi ne, a can akwai wani ofis sama da koci da ɗalibi zai iya ƙwanƙwasawa, kuma ko wasa ya ƙi, takardar digiri na hannu.

Akwai kuma wani sauyi da ya shafi iyaye irina kai tsaye. A da, yaron da ya buga ko da 'yan wasanni a manyan gasannin matasa na Kanada ya haramta wa kansa buga wa jami'ar Amurka, domin ana ɗaukarsa ƙwararre. Wato yana ɗan 16 zai yanke hukuncin da ba ya komawa. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke wannan doka, sabon tsarin ya fara aiki a Agustan 2025. Nan take Gavin McKenna, matashin da aka fi ji da shi a Kanada, ya bar Medicine Hat ya koma Jami'ar Penn State. Ma'anar wannan a wurina ita ce, kocin matasa da ke taka yaro yanzu ya san yaron na da wata ƙofar fita.

Kada in yi rashin adalci, akwai abin da ya ja ni ta ɗaya ɓangaren. Garin Calgary ɗin nan da Peters ya faɗi, gwarzonsa na kowane zamani shi ne Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a NHL. A Yulin 2022 San Jose Sharks ta naɗa Mike Grier babban manaja, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami, shekara 64 bayan Willie O'Ree ya zama baƙi na farko da ya buga gasar a 1958. A ƙarƙashin Grier ne ƙaramar ƙungiyar San Jose ta ba Aliu damar gwaji a 2024, yana dab da shekara 35, bayan ya daɗe rabonsa da wasa.

Sai kuma Nazem Kadri. Shi ne ɗana ya manna hotonsa a bango. Ɗan asalin Labanon ne, an haife shi a Landan ta lardin Ontario, ba ta Ingila ba. A Mayun 2022, yana Colorado Avalanche, ya yi karo da mai tsaron ragar St. Louis, mutumin ya ji rauni. Saƙonnin zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwa, da yawa kan addininsa, har sai da 'yan sanda suka ƙara tsaro. A wasa na gaba, a gidan St. Louis ɗin, ya zura uku. Ya karya babban yatsa a zagaye na gaba, aka yi masa tiyata, ya dawo ana tsakiyar wasannin ƙarshe ya ci ƙwallon da ta raba gardama a wasa na huɗu da Tampa Bay. Ya zama Musulmi na farko da ya ci Kofin Stanley. Al'adarsu ce kowane ɗan wasa a ba shi kofin ya yini da shi, shi kuwa a watan Agusta ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu. A watan ne kuma ya sa hannu da Calgary na shekara bakwai kan dala miliyan 49. Shi da Aliu suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance a 2020 don yaƙi da wariya a wasan.

Na kira yayana a Kumasi ta WhatsApp na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, ya ce, "Kai dai ka cika bincike. Yaro ɗan shekara tara, wa ya ce maka Chicago za shi? Ka je ka ga malamin nasu ido da ido mana."

Na je. Kocin 'yan shekara tara ba ma'aikaci ba ne, wani uba ne da ke aikin sa kai, ɗansa ma na cikin yaran. Na tambaye shi abu uku: wa ke shiga ɗakin sauya kaya, wa zan kai wa ƙara in shi ne ya yi laifi, da kuma yadda za a yi in yaron ya fara gwada azumi. Ya ce dokarsu manya biyu ne a ɗakin ko a ƙofarsa kowane lokaci, ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara. Ya rubuta mini inda ake kai ƙorafi ba tare da an bi ta kansa ba. Ta ukun ce ta ba shi wuya, ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa samun yaro mai azumi ba, amma in lokacin ya zo in faɗa masa abin da ya kamata. Na ce masa yaron bai kai a wajabta masa ba, rabin yini yake yi. Ya yi dariya ya ce to wannan da sauƙi.

A daren na sa hannu, na kakar wasa ɗaya. Na gaya wa yaron sharaɗi: duk abin da wani babba ya faɗa masa ya ce kada ya gaya wa Baba, to wannan ne zai fara gaya mini. Maganar barin gida yana ɗan 16 kuwa, na ce wa mamansa ko a mafarki kada a tayar mini da ita yanzu.

Atisayensu na farko ƙarfe shida da rabi na safiyar Asabar ne, gari bai waye ba. Muka yi Asuba muka fita. Na durƙusa ina ɗaure masa igiyar takalmi, wani uba da ke gefe ya ga ina fama ya ce in ƙara ja sosai ta wajen idon sawu, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa karkacewa. Na ja har yaron ya ce, "Baba, ya isa!" Ya shiga fili, taku uku ya yi ya zube. Ya tashi ya waiwayo ya ga ko na gani, ya sake zubewa.